Motar da Na Ajiye a Gidan Yaya

Ba sha'awa ce ta sa na sayi motar nan ba, Umma ce sila. Tun zuwanta Ingila na farko ta ce mini abu ɗaya take so ta gani kafin ƙafafunta su gama juya mata baya, wato teku. Ta je Makka sau biyu, amma ta tagar jirgi ta hango ruwan Jidda, ita kuma so take ta tsaya da ƙafarta ruwan ya taɓa ta. Matsalar ita ce Umma ba ta iya dogon zama a ƙaramar mota. Gwiwa ta kumbura, ga ciwon sukari da ke tashinta neman banɗaki akai-akai, kuma ta rantse ba za ta sake shiga banɗakin kan hanya na Turawa ba, inda babu buta kuma ƙofar ba ta kai ƙasa ba. A wancan zuwan haka ta koma Kano ba mu je ba. Na yi mata alkawarin in Allah ya sake kawo ta, da kaina zan kai ta.

Sai na ci karo da tallar wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, irin wadda suke kira motorhome. Akwai gado, akwai ɗan murhu, akwai banɗaki, har da inda mutum zai shimfiɗa darduma in bai cika tsawo ba. Wani dattijon Bature ne ya sayar mini, yana ta shafa ta yana yi mini wasiyya. Injin gas ne irin na da, babu kwamfutar da za a jona ta faɗi ciwonta, sai dai kunne da hannu. Wannan ma ya ƙara mini son ta, domin injiniyanci nake koyarwa a Salford, kuma a lokacin ina jin babu ƙarfen da zai gagare ni. Maigidana likita ne. Ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Allah ya sa alheri," da muryar da na san yana yi wa dangin mara lafiya magana da ita.

Layinmu a Longsight cikin Manchester gidaje ne a manne da juna, kowa da ɗan gurbin motarsa a bakin titi. Kwana uku motar ta yi a ƙofar gidanmu maƙwabciyarmu ta ce ta tare mata hasken taga, kuma za ta kira council, wato hukumar unguwa. Da na ba Yaya labari a waya ya yi dariya ya ce, "Haba Auta, ina da fili a bayan gida yana zaman banza. Kawo ta nan, ki bar mini key ɗaya saboda ko za a matsar da ita."

Yaya shi ne babban wanmu, yana zaune a Lozells cikin Birmingham da matarsa, wadda ke dafa abincin biki da suna da walima ga mutanenmu na can. Ina aji uku a firamare Baba ya rasu, kuma Yaya ne ya tsaya mana. Shi ya cike mini takardun zuwa ƙasar nan, shi ya tarbe ni a filin jirgi da rigar sanyin da ta yi mini yawa. Har yau da digirina da 'ya'yana biyu, in zan gaishe shi sai na rusuna. Saboda haka da ya ce in kawo, ban yi tunanin komai ba illa godiya. Na kai mota, na miƙa makulli da hannu biyu. Tsarin ya zama in zan yi amfani da ita in hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, in ɗauko ta, in na gama in mayar.

A watan Afrilu motar ta fara ciwo. Ina kan babban titin M6 na nufo Manchester, na taka totur zan wuce wata babbar mota, sai injin ya ɗauke kamar wanda ya shaƙe da ruwa. Daƙiƙa biyu, ko uku, sannan ya dawo ya ci gaba kamar ba shi ba. Na ce ƙila ƙafata ce. Bayan minti ashirin ta sake, a kan hawa. Daga nan har gida ba ta ƙara ba, kuma duk kwanakin da na yi ina yawo da ita a gari lafiya lau.

Umma za ta sauka a watan Yuni ta koma a Satumba. Na ce ina da lokaci.

Ciwon da ke zuwa ya tafi shi ne mugun ciwo a mota, domin duk ranar da ka kai ta gaban bakanike sai ta zama saliha. Na sayi ɗan littafi na fara rubutawa: ranar da ta yi, a wace giya, a hawa ko a gangare, injin da zafi ko da sanyi, ana ruwa ko ba a yi. Na sauya filtar mai da hannuna, na ga tsohuwar ta yi wani irin danƙo ruwan ƙasa. Na sa tiyo mai haske a hanyar mai don in ga ko iska na shiga, ban ga ko kumfa ɗaya ba. Na duba murfin tanki ko ƙofar numfashinsa ta toshe. Sati biyu ta yi shiru har na fara yi wa maigidana kallon ka gani ko, sai na mayar da ita Birmingham, da na koma na ɗauko ta, ta sake shiɗewa a daidai wurin da ta saba.

Dole na sauke girman kai na kai ta garejin wani dattijo ɗan Pakistan da ke bayan kasuwar Longsight, wanda kowa ke ce wa Uncle. Ya saurare ni har na gama, ya duba littafina ya gyaɗa kai, sannan ya yi mini tambaya biyu. Wa ke tuƙa ta ban da ni? Kuma a ina ake zuba mata mai?

Na ce babu kowa, ni kaɗai ce. In ba na nan a ajiye take a gidan wana, sati biyu, wani lokacin uku.

Ya ce to in haka ne, zama ne ya ɓata man. Gas in ya daɗe a tanki ruwa yakan taru a ƙasa, wani datti mai yauƙi ya tsiro ya riƙa toshe hanya. Bayanin ya zauna daidai, ni ma abin da na karanta ke nan. Ya zuba magani, ya sake filta. Bayan wata ɗaya na dawo masa da ita. Ya cire nozul-nozul masu fesa mai ya kai aka gwada, lafiyarsu ƙalau. Ya sauya ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki. Na sake dawowa.

Duk wannan wahalar da Yaya ake yin ta. Kullum na ajiye motar sai ya fito da jallabiyarsa ya tsaya kusa da ni, hannu a baya, yana leƙen injin. "Auta, kin duba battery kuwa? Wani lokaci wiring ne." Wata rana ya ce ko Baturen nan ne ya cuce ni. Wata rana ya ce bai yarda da bakaniken nan nawa ba, irinsu in sun ga mace sai su yi ta juya ta. Har ruwan zafi yake sa a kawo mini in wanke hannu. Ina komawa gida ina cewa maigidana, Allah ya saka wa Yaya, ya ɗauki damuwar motar nan kamar tasa.

Umma ta iso da kayanta da kuma wata sabuwar atamfa shuɗiya da ta ɗinka musamman, ta ce ta zuwa teku ce. Muka sa rana a Yuli. Ana saura kwana biyu na je ɗauko motar, 'yan matana biyu suka raka ni. A hanyar dawowa, ina layin tsakiya na babban titi, injin ya ɗauke, kuma wannan karon bai dawo da wuri ba. Na ga tirela ta cika madubina, hon ɗinta ya cika mini kai. Ban san yadda na ja gefe ba. Ƙaramar ta fashe da kuka tana cewa da Turancinta na 'yan Manchester ba za ta sake shiga motar nan ba har abada. Da muka isa na kira Yaya na ba shi labari. Ya yi salati ya ce, "Allah ya tsare gaba. Ki dai riƙa addu'a kafin ki tashi." Na soke tafiyar, domin ba zan ɗora tsohuwa a motar da ke suma a gaban tirela ba. Umma ta ninke atamfarta ta ce babu komai, akwai Agusta.

A Agusta ma sokewa na yi.

Ranar da na koma garejin karo na huɗu, Uncle ya yanka filtar gida biyu ya lakato abin da ke ciki ya murza a yatsunsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "'Yar'uwa, wannan ba dattin zama ba ne. Kitse ne. Akwai wanda ke ba motar nan wani abu ta sha. Ki tambayi mutanen gidan da take kwana."

Raina ya yi mummunan ɓaci. Na ce masa gidan wana ne, mutumin da ya raine ni, kuma in ya kasa gano ciwon mota ya faɗa kawai, ba sai ya shafa wa mutanen kirki baƙin fenti ba. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna kunya ke kama ni. Dattijon bai rama ba. Ya ce zai sauke tankin gaba ɗaya ya wanke, kuma in bar motar a wurinsa kwana goma.

A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba. A littafin nan na rubuta komai, har da yanayin iska, amma ban taɓa rubuta lambar tafiyar da ke gaban sitiyari ba ranar da na ajiye mota da ranar da na ɗauka. Ba mantuwa ba ce. Sau da yawa idona zai kai wurin sai in kawar. A yadda aka raine mu, in ka ba babba ajiya ba ka ƙirga ta a gabansa, ba ka ƙirga ta a bayansa ma. Duba lambar nan a wurina daidai yake da in ce Yaya juyo da aljihunka in gani. Ɗalibina da zai kawo mini bincike da irin wannan giɓi da na mayar masa da takardarsa, amma ni wata biyar na yi ina zagaye shi. Allurar mai kuwa kullum a inda na bar ta nake samunta, sai hankalina ya ƙara kwanciya.

Kwana goman nan, tun da ya gama wanke tankin, kullum bayan aiki sai na je na ɗauki motar na hau babban titi da ita, na nemi hawa na taka ta iya ƙarfina. Ko tari ba ta yi ba. Na ce alhamdulillahi, an gama. Uncle yana buƙatar filinsa, sai na mayar da ita Lozells ranar Lahadi. Umma tana can a lokacin, ta je yi wa su Yaya sati biyun sallama. Na zauna a gabansu na tsara komai: Asabar mai zuwa zan zo in ɗauke ta da kayanta, mu kwana a Manchester, Lahadi da sassafe mu nufi bakin teku a Wales, Talata ta hau jirgi. Na ce wannan ce dama ta ƙarshe. Yaya yana zaune yana jan carbi ya ce, "Allah ya kai mu."

Asabar ta zo. Umma ta hau gadon baya ta miƙe ƙafa tana ta sa wa motar albarka. Ba mu yi minti arba'in ba motar ta fara, kuma ba irin ta da ba. Ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa, tana fizga kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Da kyar na lallaɓa ta zuwa wurin hutawar matafiya, na wuce can ƙarshen filin inda babu kowa sai shinge da gona. Ban kashe injin ba don tsoron kada ya ƙi tashi. Na buɗe gaba na tsaya ina kallon ƙarfe, hawaye na neman zubo mini.

Umma ta sauko a hankali da sandarta don ta motsa ƙafa, ta zagaya ta bayan motar. Sai na ji ta ce, "Auta, wa ke suya a dajin nan?"

Na ce babu kowa, Umma.

"To ni dai na ji suya. Zo nan."

Na je. Tana tsaye kusa da salansa tana shaƙar hayaƙin. Umma ta yi shekara goma sha tana tuyar ƙosai a ƙofar gida bayan rasuwar Baba, hancinta ba ya kuskure a kan mai. Ta ce, "Wannan man ya soya kifi, ya soya kaza, kuma an maimaita shi ya fi sau uku. Irin wanda matar yayanki ke tarawa a jarkoki ne a bayan gida."

Ni ma na ji shi, ƙarara. Kuma na san na sha jin sa. A Lozells nake tayar da motar, a Longsight nake kashe ta, duka biyun kowace kusurwa da shagon soyayyiyar kaza, sai na riƙa ɗora wa unguwa. Na kashe injin, na sa gorar ruwa a ƙarƙashin filta na kwance. Abin da ya zubo rawaya ne mai kauri, da baƙin gari-gari yana yawo a ciki.

Na kira shi. Ban ma gaishe shi ba, karo na farko a rayuwata.

"Yaya, me ake zuba wa motar nan?"

Ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Man suya ne a tankina, Yaya. Ga shi a hannuna."

"To ai tacacce ne. Sau biyu ake tace shi da ƙyalle. Wani abokina ya ce old diesel engines suna shan shi lafiya lau, har sun fi son shi."

"Tuƙa ta kake yi ke nan?"

"Yawanci weekend ne kawai, in Antinki tana da delivery. Coolers ɗin ba sa shiga motata. Jiya ma Coventry kawai muka je, walima. Kuma ki tambayi kowa, ban taɓa bar miki tank ƙasa da yadda kika bar shi ba."

Da alfahari ya faɗi wannan. Wato abin da ya sa allurar ba ta taɓa motsi ba ke nan. Na ce, "Yaya, wata biyar ina neman abin nan. Kana tsaye kusa da ni. Na gaya maka tirela ta kusa bi ta kanmu da yara. Na gaya maka an wanke tanki, na gaya maka gobe ce ranar Umma. Ka sake zubawa?"

"Ni ban ɗauka shi ne problem ɗin ba."

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba, ko sau ɗaya?"

Ya ce, "Ai ba ki tambaye ni ba."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya san sarai abin da ya hana ni tambaya. Shi ya koya mini shi. Kunyar da nake ji tasa ita ya samu ya fake a bayanta wata biyar, yana kallona ina kwance a ƙarƙashin mota, yana ba ni shawarar in duba batir. Ba aron motar ne ya ƙona mini rai ba, da ya ce yana so da na ba shi da gudu. Na buɗe baki zan faɗi abin da ke cikina, sai Umma ta dafa mini hannu.

"Ya isa haka. Yayanki ne."

"Umma, kin ji abin da ya yi kuwa?"

"Na ji. Kashe wayar."

Na kashe. Awa uku muka yi muna jiran motar da za ta ja mu. Kafin mu isa Manchester gwiwar Umma ta yi suntum. Washegari gareji a rufe, na roƙe ta mu tafi a motar maigidana, mu riƙa tsayawa duk inda ta ce. Ta gwada miƙewa ta kasa. Ta ce in bari kawai, Allah bai nufa ba. Ni na haɗa mata akwati, ni na sa atamfar a ciki da karin gugarta. Ranar Talata Yaya ya zo rakiya filin jirgi, ya sayo wa yara alewa, ya tambaye ni ya jikin motar. Na rusuna na gaishe shi saboda idon Umma yana kaina, kuma na tsani kaina a lokacin.

Na koma wurin Uncle na ba shi haƙuri. Bai ce ai na gaya miki ba. Ya ce kawai tankin zai sake sauka, kuma ya san wani fili a Salford da ake ajiye irin waɗannan motoci. Can take yanzu. Makullin Yaya yana wurinsa, ban karɓa ba, shi ma bai kawo ba, kuma har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Umma kuwa likitanta a Kano ya ce doguwar tafiyar jirgi ta ƙare mata.

A ƙarshen Oktoba na ɗauki motar ni kaɗai na nufi Wales. Na bi duk hawan da ke hanya ina jira ta shiɗe, ina ma so ta yi, ko na samu wani abin zargi ban da ɗan'uwana. Ba ta yi ba ko sau ɗaya. Na tsaya a bakin ruwan da rana tsaka, iska na neman cire mini mayafi, na kira Umma ta bidiyo na juya mata wayar. Ta matso da fuskarta har goshinta ya cika allon, ta daɗe tana kallo. Ta ce ashe haka yake da ƙara. Ta ce in sa ƙafata a ciki in gaya mata ko da sanyi. Na cire takalmi na shiga, na ce da sanyi sosai, Umma.

Ta ce, "Masha Allah. A motar kika je?"

Na ce e.

"Ba ta yi miki komai ba a hanya?"

Na ce ko kaɗan.

"To ki kira yayanki ki gaya masa ta gyaru. Zai ji daɗi, kin san ya damu da motar nan."

Na ce to, Umma. Na tsaya a cikin ruwan har ƙafafuna suka daina ji, kuma ban kira shi ba.